Rikicin banɗaki a Elista: Kramnik ya yi coge ne, ko sharri aka yi masa?

Tambaya: Bara na fara koyon wasan ces, kuma cikin karance-karancena na ci karo da labarin cewa an taɓa tsayar da gasar kambun duniya saboda rigima a kan shiga banɗaki. Wai da gaske ne? Wanda aka zarga ya yi cogen kuwa? Wa ke da laifi a cikinsu? Ni ban ma gane yadda shiga banɗaki zai taimaki mutum a wasan da ake yi da ƙwaƙwalwa ba.

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa, ba ƙanzon kurege ba ne. An yi shi a 2006 a Elista, babban birnin Kalmikiya da ke kudancin Rasha, tsakanin Vladimir Kramnik ɗan Rasha da Veselin Topalov ɗan Bulgeriya, har jaridu suka laƙaba wa rikicin suna Toiletgate. Gajeriyar amsa ita ce har yau babu wanda ya kawo hujja ko guda cewa Kramnik ya yi coge, kuma wasannin da ya buga su kansu suna ƙaryata zargin. Batun laifi kuwa, ni da na daɗe ina koyar da wasan nan ina kuma yin alƙalanci a ƙananan gasanni, na fi ganin laifin waɗanda aka ɗora wa raba gardama fiye da na 'yan wasan biyu. Amma sai ka san abin da ake faɗa a kai tukuna za ka gane dalilin da zukata suka yi zafi haka.

Tun 1993 kambun duniya ya rabu gida biyu. A shekarar ne Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, da mai ƙalubalantarsa Nigel Short suka ɓalle daga hukumar ces ta duniya, FIDE, suka shirya tasu gasar. Daga nan aka zauna da sarki biyu a gari ɗaya har shekara 13. Kramnik ya gaji reshen Kasparov ne da ƙarfin tuwo, domin ya doke shi a Landan a 2000 ba tare da an ci shi ko wasa ɗaya ba. Topalov kuma shi ke riƙe da kambun FIDE, wanda ya ci a San Luis ta Ajantina a 2005, kuma a lokacin shi ne na ɗaya a jerin gwanayen duniya. Karawar Elista ita ce za ta haɗe kambun ya koma ɗaya: wasa 12, kuɗin lada dala miliyan 1 da za a raba daidai ko wa ya ci. Ka ga ke nan ba kuɗi ake wa kokawa ba, suna ne. Shugaban FIDE na lokacin, Kirsan Ilyumzhinov, shi ne kuma shugaban Kalmikiya, wato mai masauki kuma mai hukumar.

Sai maganar banɗaki. Tun da na'urar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 aka san inda aka dosa, kuma zuwa 2006 manhajar da kowa zai iya saya ya ɗora a kwamfutarsa ta kai ƙarfin mafi gwanintar mutane, ko ta wuce. Abin da sabon shiga bai cika ganewa ba shi ne babban gwani ba ya bukatar a faɗa masa kowane taku. A wasan awa biyar ko shida, wuraren da hanya ke rabuwa ba su wuce biyu ko uku ba. In aka ba shi amsa a waɗannan wuraren, shi ke nan. Kai, ko amsar ma ba dole ba ce: a yi masa alama kawai cewa "akwai wani abu a nan, tsaya ka duba", zai nemo shi da kansa. A Elista kowane ɗan wasa yana da ɗakin hutunsa a bayan dandali, da banɗakinsa a ciki. Akwai kyamara a ɗakin hutun, babu a banɗaki, saboda dalilin da kowa ya sani. Wato wuri ɗaya ne tak a duk ginin da ido ba ya kai wa.

An fara wasa ranar 23 ga Satumba. Kramnik ya ci na farko, ya ci na biyu, aka yi canjaras a na uku da na huɗu, maki ya tsaya 3 da 1. Wanda ya ga sakamakon kawai zai ɗauka Kramnik ne ya yi ta sukuwa a kan Topalov. Ba haka aka yi ba. A wasan farko Topalov yana da damar karɓar canjaras, ya ƙi, ya matsa sai ya ci, can bayan taku na 50 ya yi tuntuɓe ya faɗi. Wasa na biyu kuwa shi ne wanda nake nuna wa duk ɗalibin da ya zo mini da wannan tambayar, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa.

Topalov ne da farare, wato shi ke fara taku, ya kai wa sarkin Kramnik farmaki irin nasa, ba ji ba gani. A taku na 31 Kramnik ya tafka kuskuren da ya kamata ya kashe wasan nan take: ya ci sabuwar sarauniyar da sojan Topalov ya zama a gidan f8, amma da ɗan wasan da bai kamata ba maimakon da sarkinsa, ya bar sarkinsa a fili. Abin da ya rage wa Topalov shi ne ya ci sojan da ke gidan g4 da hasumiyarsa yana yi wa sarki barazana, sannan ya zura sarauniya gidan c7, magana ta ƙare. Duk manhajar da ka ba wannan matsayi za ta nuna maka shi kafin ka ƙifta ido. Topalov bai gani ba, ya tura sarauniya g6. Daga nan nasara ta fara zame masa, canjaras ma ya zame, Kramnik ya ci a taku na 63. To ka tambayi kanka: mutumin da kwamfuta ke raɗa wa amsa a banɗaki, shi ne zai miƙa wuyansa ga wuƙa a daidai wurin da ya fi bukatar taimako, ya zauna yana fatan abokin karawa ba zai gani ba? Da Topalov ya yi taku biyun nan, da maki ya zama 1 da 1, kuma ina kyautata zaton da ba wanda zai tuna banɗakin Elista a yau.

Ranar 28 ga Satumba, ranar hutu, manajan Topalov, Silvio Danailov, ya shigar da ƙara a rubuce, ya kuma raba wa 'yan jarida. Ya ce hotunan bidiyon ɗakin hutu sun nuna Kramnik yana shiga banɗaki wajen sau 50 a wasa guda, abin da ya kira abin tuhuma. In ka lissafa, sau 50 a wasan awa shida ya kama kusan kowane minti bakwai ke nan. Ɓangaren Kramnik, ta bakin manajansa Carsten Hensel, suka ce ɗakin hutun ƙarami ne, shi kuma mutum ne mai son kai-komo yana tunani, don haka yake haɗawa da filin banɗakin, ga shi yana shan ruwa da yawa. Dama an san yana fama da wani ciwon gaɓoɓi da ya sa ya jingine wasa na wasu watanni a farkon shekarar, kuma mai irin wannan ciwo zama wuri ɗaya azaba ne gare shi. Ni dai ban ga abin mamaki a nan ba. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a zauren gasa ya san 'yan wasa kala-kala ne: wani zai manne a kujera awa huɗu kamar an dasa shi, wani kuwa yana yin taku zai miƙe, ba za ka sake ganinsa ba sai an danna masa agogo.

A nan ne aka yi ɓarnar. Kwamitin ɗaukaka ƙara mutum uku ne: Georgios Makropoulos, Zurab Azmaiparashvili da Jorge Vega, dukansu manyan jami'an FIDE, kuma kar ka manta Topalov shi ne zakaran FIDE. Kwamitin ya duba bidiyon, ya ce an yi ƙari a adadin da Danailov ya bayar. Da sun tsaya nan, ko sun ce za a riƙa caje 'yan wasan biyu da banɗakunan biyu kafin kowane wasa, da an wuce wurin. Sai suka yanke hukuncin rufe banɗakunan biyu, a buɗe guda ɗaya na tarayya. A ido kamar adalci ne, tunda an hana kowa. Amma ka duba da kyau: mutum ɗaya aka zarga, ba a same shi da komai ba, sannan aka sauya sharaɗin da aka amince da shi tun kafin gasa saboda wannan zargin. Ko ba su furta ba, sun gaya wa duniya cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ga kuma tambayar da Hensel ya yi, wadda ta cancanci amsa: da wane dalili aka bar tawagar abokin karawa ta kalli bidiyon ɗakin hutun mutum? Bidiyon nan don alƙalai aka tanade shi. A wasan da sirri ne rabin makaminsa, nuna wa abokin gaba yadda kake kai-komo da yadda fuskarka take lokacin da kake cikin matsi ba ƙaramin abu ba ne. Hukuncin ma bai gamsar da Danailov ba. Ya nemi a riƙa raka 'yan wasa banɗaki, ya kuma ce Topalov ba zai ƙara miƙa wa Kramnik hannu ba.

Kashegari, 29 ga Satumba, ranar wasa na biyar, Kramnik ne zai riƙe farare. Ya zo ginin a kan lokaci, amma ya ƙi hawa dandali. Ya zauna a ɗakin hutunsa ya ce sai an buɗe masa banɗakinsa. Alƙalin wasa, Geurt Gijssen ɗan Holan, dattijo da ya ga jiya ya ga yau a wannan aiki, ya danna agogo kamar yadda doka ta ce. Ka hango abin: Topalov zaune gaban allo, 'ya'yan wasa 32 a jere ba wanda aka taɓa, kujerar da ke fuskantarsa wayam, agogon Kramnik yana ci, shi kuma yana can taku kaɗan a bayan bango, gaban ƙofar banɗaki a kulle. Dokar lokacin ta ce wanda ya yi lattin awa guda ya faɗi. Awa ta cika, Gijssen ya ba Topalov maki, ya zama 3 da 2. Ba na ganin laifin Gijssen ko kaɗan. Alƙali ba shi da ikon soke hukuncin kwamitin da ke samansa, kuma ba shi da ikon tsayar da agogo don ɗan wasa ya yi fushi.

Aka yi kwanaki ana ja-in-ja, Ilyumzhinov ya shiga tsakani. Abin da aka cim ma shi ne a buɗe banɗakunan bayan an bincike su, a sauya kwamitin, inda Boris Kutin da Faik Gasanov suka maye gurbin Makropoulos da Azmaiparashvili, amma makin da aka ba Topalov yana nan daram. Ka lura da tufka da warwarar da ke ciki: an yarda hukuncin rufe banɗaki kuskure ne tunda an janye shi, an yarda kwamitin bai yi daidai ba tunda an sauke shi, amma abin da kuskuren ya haifa an bar shi. Kramnik ya koma kan allo ranar 2 ga Oktoba, yana mai cewa bai amince da makin ba, kuma daga baya ɓangarensa ya sanar cewa in Topalov ya ci gasar da wannan makin ba za su karɓe shi a matsayin zakara ba, kotu ce za ta raba su da FIDE. Manyan 'yan wasa da dama sun fito fili sun mara masa baya.

Ana cikin haka Danailov ya sake sako wata. Ya fitar da alƙaluma cewa kashi 78 cikin 100 na takun Kramnik sun dace da zaɓin farko na manhajar Fritz 9. Wannan adadi shi ya fi ruɗar mutane, har gobe akwai masu kafa hujja da shi, don haka bari in warware maka shi. Da farko, takun buɗe wasa, 15 ko 20 na farko, haddace su ake yi tun daga gida, kuma da kwamfutar ake shirya su. Dole su dace. Na biyu, akwai takun dole. In na ci sarauniyarka da tawa, kai ma za ka ci tawa, yaron da ya fara koyo jiya ma haka zai yi, Fritz ma haka. In aka yi wa sarkinka barazana kuma gida ɗaya ne mafita, kai da kwamfuta kun dace ɗari bisa ɗari, ba don ka yi coge ba. Abin dariyar shi ne salon Topalov, na kai farmaki ba ƙaƙƙautawa, shi ke tilasta wa abokin karawarsa irin wannan takun, wato shi da kansa yake ɗaga adadin da ake zargin Kramnik da shi. Na uku, zaɓin manhaja yana sauyawa da tsawon lokacin da ka ba ta. A daƙiƙa biyar ta ce wannan, a minti biyu ta ce wancan. In ba ka faɗi irin kwamfutar da lokacin da ka ba ta da takun da ka cire daga lissafi ba, adadinka ba shi da ma'ana, kana iya fitar da duk abin da ranka ke so. Wannan rikici ne ya ja hankalin Kenneth Regan, malamin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Buffalo ta Amurka kuma gwanin ces, ya shiga binciken coge ta hanyar lissafi, har FIDE ta koma dogaro da tsarinsa daga baya. Ginshiƙin tsarin shi ne ba a kirga dacewa tsurarta, sai an auna wahalar kowane matsayi da abin da ake sa ran mai irin wannan ƙarfi zai yi. Shi ma bai sami abin kama Kramnik da shi ba.

Ragowar gasar ma shaida ce. Wanda ake cewa kwamfuta ke ba shi amsa, kuma an mayar masa da banɗakinsa, sai ga shi an ci shi wasa na takwas da na tara a jere, Topalov ya wuce gaba. Kramnik ya rama a na goma, aka yi canjaras a biyun ƙarshe, aka tashi 6 da 6. Ranar 13 ga Oktoba aka yi wasannin gaggawa huɗu na raba gardama, minti 25 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, inda ba wanda ke da lokacin yawon banɗaki. Kramnik ya ci biyu, Topalov ɗaya, ɗaya canjaras. Nasarar nan ta ceci FIDE daga kotu fiye da yadda ta ceci Kramnik. Bayan mako shida kuma, a Bon ta Jamus, Kramnik ya kara da manhajar Deep Fritz, a wasa na biyu ya kasa ganin kisan taku ɗaya, irin wanda ɗalibin wata uku zai gani, aka kashe masa sarki da sarauniya a gidan h7. Wannan ba hujja ba ce a kan Elista, na sani, amma duk sanda na tuna sai na yi murmushi.

Topalov bai haƙura ba. A wata hira da jaridar ABC ta Sifaniya a ƙarshen shekarar ya nanata zargin, ɓangarensa kuma suka yi ta maganar wata wayar intanet da suka ce an gani a silin banɗakin Kramnik. Waya a cikin silin gini ba baƙon abu ba ce, kuma ba wanda ya nuna tana haɗe da wani abu ko Kramnik ya taɓa ta. A 2007 kwamitin ɗa'a na FIDE ya yi wa Topalov kakkausan gargaɗi a kan waɗannan kalamai.

Kada ka ɗauka a Elista aka fara. A Rikjabik ta Aislan a 1972, Bobby Fischer ya ƙi fitowa wasa na biyu saboda kyamarori, aka ba Boris Spassky makin, ya kuma karɓa, don haka masu cewa Topalov ne farkon wanda ya ci makin banza a gasar kambu sun manta tarihi. Da Fischer ya fara cin wasanni, tawagar Tarayyar Sobiyat ta ce ana amfani da na'urori ko sinadarai a kan ɗan wasanta. Aka ɗauki hoton cikin kujeru, aka kwance fitilu, abin da aka samu matattun ƙudaje biyu ne. A Bagiyo ta Filifin a 1978 abin ya fi haka muni: an kawo wa Anatoly Karpov yogot ana tsakiyar wasa, ɓangaren Viktor Korchnoi suka ce wataƙila saƙo ne a ɓoye, Karpov ya zo da wani masanin halayyar ɗan Adam, Vladimir Zukhar, da ke zama a sahun gaba yana zura wa Korchnoi ido, Korchnoi ya sa tabarau mai madubi, a wasa na takwas Karpov ya ƙi karɓar hannunsa. Bambancin shi ne a wancan zamani ko an aiko maka da saƙo a yogot, wanda ya aiko bai fi ka iya wasan ba. Daga zamanin kwamfuta ne zargin ya zama abin da zai iya yiwuwa da gaske.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa tsoron Danailov hauka ne. An kama mutane dumu-dumu da irin abin da ya kwatanta. A gasar Dubai ta 2015 abokin karawar Gaioz Nigalidze, zakaran Jojiya, ya lura yana yawan shiga banɗaki ɗaya, ya gaya wa alƙali, aka duba aka tarar da waya a ɓoye da matsayin wasan a kanta. Aka dakatar da shi shekara uku, aka ƙwace masa muƙaminsa na babban gwani. A 2019 a Sitirasbog ta Faransa aka ɗauki hoton Igors Rausis zaune a banɗaki da waya a hannu, ya sha dakatarwar shekara shida. Ka duba yadda na Dubai ya gudana: an raɗa wa alƙali, alƙali ya bincika, an sami abu a hannu, sannan duniya ta ji. A Elista duniya ce ta fara ji, bincike ya biyo baya, ba a sami komai ba, aka kuma ci gaba da zargi. Ni kaina an sha jawo ni gefe a gasar yara, uba ya ce mini yaron da ya ci ɗansa ya cika fita waje. Abin da nake yi shi ne in ce na ji, in sa ido, in tura mataimaki ya duba, kuma yaron da ake zargi ba zai taɓa sani ba sai in an ga wani abu. In ka bari ya ji, ko da ƙarya ce, ka gama da wasansa na ranar, wataƙila da na shekarar.

To wa ke da laifi? Danailov yana da haƙƙin kai ƙorafi, ba shi da haƙƙin kai shi kasuwa, kuma lokacin da ya zaɓa, ɗan wasansa na baya da maki biyu, ya sa da wuya mutum ya yarda tsoron coge ne kaɗai ya motsa shi. Topalov babban ɗan wasa ne da nake jin daɗin kallon wasanninsa har yau, amma ya bar manajansa yana magana da sunansa, ya sa hannu ya karɓi makin wasan da ba a buga ba, daga baya kuma ya maimaita zargin da bakinsa. Shi kansa an yi ta raɗe-raɗin ana yi masa alama daga cikin 'yan kallo a San Luis, ba tare da wata hujja ba, don haka ya fi kowa sanin ɗacin abin. Kramnik ma ba zan wanke shi tas ba. An zalunce shi, amma ƙin hawa dandali kuskure ne. Abin da ake koya wa kowane ɗan wasa shi ne ka rubuta ƙorafinka, ka miƙa, ka zauna ka buga. Da ya yi haka, da bai yi asarar maki da damar riƙe farare ba, da kuma bai jefa gasar da aka jira shekara 13 cikin haɗarin wargajewa ba. Sai dai duk waɗannan ukun masu neman nasara ne, kuma mai neman nasara zai ja igiya iya inda aka bar shi. Kwamitin ne aka ajiye don ya ce a'a, shi ne kuma ya kasa. Wani abin takaici, Kramnik ɗin da ya ɗanɗani wannan zafi shi ne daga 2023 ya shiga wallafa alƙaluma yana jefa shakku a kan wasu 'yan wasa a intanet, ciki har da Hikaru Nakamura, har dandalin Chess.com ya rufe masa shafin rubutunsa.

Dokoki sun sauya sosai tun daga lokacin. Yanzu banɗaki da ɗakin hutu suna cikin harabar da alƙali ke da iko a kai, ba a shiga da waya ko wata na'ura, ana caje 'yan wasa da na'urar gano ƙarfe, kuma wanda takun ke kansa ba ya barin wurin wasa sai da izini. A wasu manyan gasanni ana jinkirta nuna wasa kai tsaye, kamar minti 15 da aka sa a gasar Sinquefield ta 2022 bayan Magnus Carlsen ya fice daga gasar biyo bayan faɗuwarsa a hannun Hans Niemann. Zargi ba hujja ma ya zama laifi mai hukunci: bayan 'yan wasa 15 sun sa hannu a takardar tuhumar Mihaela Sandu ta Romaniya a gasar matan Turai ta 2015, ba a same ta da komai ba, kwamitin ɗa'a ya hukunta Natalia Zhukova da dakatarwar wata uku, wadda aka jingine.

Musabaha ma sai da aka yi mata doka. A 2007 FIDE ta ce wanda aka miƙa wa hannu ya ƙi, alƙali ya umarce shi ya sake ƙi, ya faɗi wasan. A Janairun 2008, a gasar Wijk aan Zee ta Holan, Ivan Cheparinov, mataimakin Topalov wanda shi ma Danailov ne manajansa, ya ƙi karɓar hannun Nigel Short har sau biyu, alƙali ya ba Short makin. Kwamitin ɗaukaka ƙara, wanda Kramnik na cikinsa tare da Judit Polgar da Michal Krasenkow, ya soke hukuncin, ya ce Cheparinov ya nemi afuwa a rubuce a buga wasan. Aka buga, Short ya ci. A wannan gasar dai Topalov da Kramnik suka zauna gaba da gaba. Dokar ta yi maganar wanda ya ƙi karɓar hannu ne, ba ta ce komai a kan wanda bai miƙa ba, don haka ba wanda ya miƙa, kowa ya kau da kai, alƙali ya danna agogo. A taku na 12 Topalov ya sadaukar da dokinsa a gidan f7, wata dabara da Cheparinov ya tono suka adana ta shekaru suna jiran ranarta, ya kuma ci wasan. Da suka sake haɗuwa a gasar fitar da mai ƙalubalantar zakara a Khanty-Mansiysk a 2014, shekara takwas bayan Elista, kowa ya ci ɗaya a wasanni biyun da suka buga, kuma ko a lokacin ba su gaisa ba.